Ƙwaya Huɗu da Hodi Bai Sha Ba

Wata bakwai ke nan Hodi bai taka bakin gulbi ba. Mutumin da a da in ya faɗa ruwa da gora da homa, ragarsa ta kamun kifi, sai masuntan Argungu su ja gefe su ba shi wuri, yau ga shi kwance a zaure, robar fitsari a jikinsa, jakarta ajiye cikin tsohon kwano a gefen tabarma. Shekararsa hamsin da huɗu, amma in ka gan shi sai ka rantse ya ba saba'in baya.

Abin ya samo asali ne tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ranar da ya fara ganin jini a fitsarinsa. Ya ruga a tsorace ya gaya wa manya, su kuwa suka tuntsire da dariya, suka dafa kafaɗarsa suka ce ruwa ya karɓe shi, ya zama namiji. Haka ake ɗaukar tsargiya a unguwarsu. Yaron da bai yi ta ba ma har gori ake yi masa. Hodi ya tashi yana alfahari da abinsa, in zafi ya matsa masa ya sha jiƙo, ya koma ruwa. Shekara arba'in ana haka.

Sai da fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya autansa Musaddiƙ ya kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Bayan gwaje-gwaje likita ya tambaye shi, “Baba, tun yaushe kake ganin jini?”

“Jini? Ai tun muna yara,” in ji Hodi. “Wanga ba ciwo ba ne, likita, kowa na yi.”

Likita ya ajiye biro. Ya yi masa bayani cewa wata ƙaramar tsutsa ce ta cikin ruwa ke shiga ta fata, ta zuba ƙwai a mafitsara, ta yi ta ci shekara da shekaru. Tasa ta ci har gyambon ya rikiɗe ya zama ciwon daji. “Da ka zo da wuri, ƙwaya huɗu za ka sha, rana ɗaya,” ya ce. “Yanzu kuwa sai dai mu rage maka raɗaɗi.”

Tun daga ranar Hodi ya gaji. Ya gaji da hanyar Birnin Kebbi da ramukanta duk bayan mako biyu, ya gaji da masu dubiya, ya gaji da warin jikinsa. Abokin hirarsa ɗaya ne, wani tsohon hoto da ke rataye a bangon zaure. Shi ne a ciki yana saurayi, ya rungumo giwan ruwa, haƙora a waje.

Wata rana da hantsi ya ɗaga kai ya dubi hoton, haushi ya turnuƙe shi. “Kai mai faɗin ƙirji, dariyar mi kake yi? Aje kifin nan ka tahi asibiti. Ƙarfin da kake taƙama da shi aro ne, wallahi za a karɓe. Jinin nan ba mazantaka ba ne, cinka ake yi kana washe baki.”

“Baba, da wa kake magana?” Musaddiƙ ne tsaye a ƙofa da kofin kunu.

“Da wancan wawan,” in ji Hodi. “Bai jin magana.”

Ya juyo ya dubi ɗan nasa. Ƙirjin nan ne, kafaɗun nan ne, kamar an ciro shi daga hoton. Nan take ya tuna shekarar da ma'aikatan lafiya suka zo raba maganin tsargiya a firamare. Shi da kansa ya hana Musaddiƙ zuwa makaranta ran nan, ya ja shi gulbi, yana cewa ɗan masunci bai shan maganin ruwa.

“Zo nan, auta. Har yanzu kana ganin jinin?”

Musaddiƙ ya sunkuyar da kai don kunya. “Wani lokaci, Baba. Amma ba ya damuna.”

“Haka ni ma nac ce.”

Da ranar komawa asibiti ta zo, Hodi ya kafe a kan benci ya ce ba mai taɓa shi sai an fara duba yaron. Aka gwada, aka samu tsargiya, amma Allah ya taimaka ba ta yi nisa ba. Musaddiƙ ya ci abinci, aka miƙo masa ƙwaya huɗu, ya haɗiye da ruwa a gaban ubansa.

“Shi ke nan?” Hodi ya tambaya.

“Shi ke nan, Baba,” in ji likita. “Sai dai ya riƙa zuwa ana duba shi, tunda sana'arsa a ruwa take.”

Hodi ya dubi kofin da ke hannun ɗansa, ya dubi jakar fitsarin da ke kan cinyarsa. Ya juya fuskarsa bango ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka gaya masa sunan ciwonsa. Bai kai yankan shinkafar bana ba, Allah ya yi masa rasuwa.

Jama'a, jini a fitsari ciwo ne, ba alamar balaga ba, kuma yana da magani. Wanda ya gani a jikinsa ko a jikin ɗansa ya garzaya asibiti tun da sauran ƙarfi, kada ya jira ranar da zai yi wa hoto nasiha.