A Wuce Talata

Ta yaye gashinta ta nuna wa shugaban 'yan sandan gundumar ɗinkin raunin da ke ƙeyarta. Ya cire malafarsa, ya girgiza kai.

"Haba 'yata, Talata fa za a yi zaɓen kujerata, kuma dangin mijinki rabin cocinmu ne. Ki daure a wuce Talata."

"Sau uku ina ba ka ƙuri'ata," ta ce.

"Allah ya yi albarka. Shigo mota."

Ta ɗauka gidan yayarta zai kai ta, sai ga su a ƙofar gidanta. Mijinta na tsugune yana kafa allon kamfe mai hoton shugaban. Ya miƙe da fara'a, ya ɗaga musu gudumar da ya fasa mata kai da ita.

Shugaban ma ya ɗaga masa hannu.