Tsoho a But ɗin Mota

Tayoyin baya sai juyi suke a kan ƙanƙara, jar motar tseren ta ƙi hawa tudun garin Otaru. Can sama iyayen budurwar saurayin da ke tuƙi na jiran gaisuwarsa ta farko, ga shi ya makara.

Wani tsoho mai kwashe dusar ƙanƙara ya jingine shebur.

"Samari, ƙarfin motarka a baya yake, amma ba nauyi. Buɗe but."

Tsohon ya shige ya zauna, ƙafafu na reto.

"A hankali, kada ka zubar da ni."

Motar ta haye sumul. Saurayin ya fito yana ta rusunawa.

Tsohon ya karkaɗe wando, ya tura ƙofar gidan su budurwar, ashe shi ne ubanta.

"Shigo, miya na hucewa. Amma kada uwarta ta ji yadda na iso."