Ƙuri'ar Amatullah

Da safe ambulan ɗin yana kan firji. Da Amatullah ta dawo daga Harami bayan la'asar, babu shi.

A ciki akwai takardar ƙuri'arta, da ambulan na mayarwa mai adireshi a jiki, da wata 'yar sitika mai tuta da aka rubuta wa "Na yi zaɓe" da Turanci. Daga ƙaramin garin da aka haife ta a Amurka aka aiko. Mahaifinta, Malam Shittu, ya tsaya takarar kansila a can, ita kuwa ta yi masa alkawari: ko daga Madina, sai ƙuri'arta ta isa.

Su uku ne a gidan nan na unguwar Harra ta Gabas: ita, da mijinta Fahad da ke fita aikin filin jirgi tun asuba, da mahaifiyarsa, Hajja Asma, wadda ba ta kiranta da wani suna sai Amrikiyya.

Ranar da ambulan ya zo, Amatullah ta kama yatsan Fahad ta ɗora kan sunan mahaifinta, shi kuma bai yi saurin janyewa ba. Hajja na kallonsu daga lungu, rungume da rediyon da ba ta kashewa duk lokacin da ake zaɓe a Najeriya.

"Tun ina goye aka kawo ni garin nan," ta ce. "Ban taɓa zaɓen kowa ba, ban kuma mutu ba. Ke kuwa har gida ake biyo ki da shi."

Yau Amatullah ta same ta a kicin tana dirje hannu da lemon tsami.

"Hajja, ina ambulan ɗina?"

"Ni kika ba ajiya?"

A falo, kaskon turare cike yake da sabon toka. Amatullah ta daɗe tana kallonsa.

"Ƙonawa kika yi."

"Sai ki kai ƙarata wurin mijinki."

Fahad ya dawo ya ce shi ke nan, a nemi wani. Amma kafin wani ya zo ya koma, an gama zaɓen. Da ya tambayi uwarsa inda ta je, don wata maƙwabciya ta gan ta tana shiga tasi, sai Hajja ta ce kasuwar Sultana ta je. Kwallinta ne ya ƙare.

Daga ranar aka raba tukunya. Gaisuwa ta koma ɗaga kai. Hajja ta kwashe rediyonta daga falo ta kai ɗaki, ta riƙa rufe ƙofa. In Malam Shittu ya kira, sai Amatullah ta ce layin ba shi da kyau, don ba ta san bakin da za ta faɗa masa ba.

Ta ce wa Fahad ya nema musu gidan haya. Ya ce da wuya ya iya barin tsohuwa ita kaɗai. Ta ce to ita ba za ta iya kwana gida ɗaya da mai ƙona hakkin mutum ba. Ta fara haɗa kaya.

Tana cikin naɗe abayoyi saƙo ya shigo wayarta daga ofishin zaɓe. Ambulan ɗinta ya iso a kan kari, in ji su, amma ba za a ƙirga ƙuri'ar ba. Inda ake sa hannu babu sa hannu, sai shatin babban yatsa da aka dangwala da wani baƙin gari.

Ta sake karantawa a hankali.

"Ke, Amrikiyya," in ji Hajja daga bakin ƙofa, idonta na wani wajen. "Wasiƙa in aka sa ta daga nan, ba sa faɗa wa mutum in ta isa?"

Rediyon na matse a ƙirjinta, kuma a jikinsa, a ɗan karkace, sitikar nan ce mai tuta.