Babur ɗin Suruki

Fistan ɗin injin babur ya fito baƙi ƙirin, gefensa duk a kakkarce. Tsohon bakanike ya jujjuya shi a tafin hannu. Irin wannan inji da baƙin mai yake rayuwa, a cakuɗa masa shi cikin fetur, amma surukinsa ya bar shi da ƙishirwa har ya cije.

Haka mijin 'yar tasa yake da duk abin da ya shiga hannunsa.

Tsoho bai ba kowa aikin ba. Shi ya kai silinda aka gyara cikinta, ya kankare baƙin da ya toshe hanyar hayaƙi, ya wanke kabireta tas. Maƙwabcinsa mai faci har tsiya ya yi masa: "Wannan gata haka, sai ka ce kai za ka biya sadaki!"

Ranar da zai rufe injin, Auta ta kawo masa abinci, goye da jaririyarta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ita kaɗai ta rage masa. A garejin nan ta girma, ta iya tuƙi tun ƙafarta ba ta kai ƙasa.

"Me ya sami idonki?"

"Ƙofa ce, Baba."

Bara ma ƙofa ce ta karya mata hannu. Ya ci loma biyu, ya juya mata baya, ya ci gaba da ɗauri.

Bugu ɗaya babur ya tashi, yana feshin shuɗin hayaƙi. Suruki ya washe baki.

"Sai na lallaɓa shi kwana biyu ko, Baba?"

Duk wanda aka yi wa sabon fistan, abin da tsoho ke gaya masa ke nan. Wannan karon ya ce, "Ba sai ka lallaɓa ba. Gobe in ka hau babban titi, murɗe shi iya ƙarfinka."

Washegari tsoho ya buɗe gareji ya zauna, bai taɓa ko sifana ba. Duk motar da ta rage gudu sai ya ɗaga kai.

Da hantsi sai ga suruki a ƙafa, yana huci.

"Ina 'yarka? Ta ɗauke makulli ina barci, ta goya yarinyar ta gudu da babur ɗina! An ce an ga ta hau babban titi kamar za ta tashi sama!"

Tsoho ya yunƙura. Hannunsa ya tafi aljihu, ya damƙe 'yar lanƙwasasshiyar wayar da ke riƙe ƙarfen fistan, wadda in babu ita inji kan cije a tsakiyar gudu, tayar baya ta kulle. Da gangan ya ƙi mayar da ita jiya.