Fangalin Ƙarshe

Wata shekara ina yaro, da la'asar muka kai fangalin ƙarshe na shinkafarmu, can bakin kanal a Bunkure. Na sa lauje zan yanka, sai Baba ya riƙe min hannu. Har yau ina jin kaushin tafin nan nasa.

Ya ce, "Bar shi. Wannan na masu kala ne."

Wasu tsofaffin mata suna zaune a bakin gona da ƙoransu, suna jiran mu tashi su tsinci abin da ya zube.

Baffa Ɗanjuma, ƙanen Baba, ya yi jifa da laujensa. "Haba Yaya! Zakkar coci ka riga ka ware, ga buhun can. Waɗannan ko cocinmu ba sa zuwa. In rumbunka ya ƙare tsakiyar damina, kada ka aiko gidana neman awo."

"Ba zan aiko ba," in ji Baba. "Wanda ya ba ni ajiyar gonar nan bai ce in tambayi mutum inda yake sujada ba." Ya ɗaga murya, "Iya, ku shigo!"

Ni da na gaji gonar, na yi shekaru ina girbe ta ƙaf, ina kai zakka, ina ganin na sallami Ubangiji. Allah ya yafe min. Bana da injin girbi ya doshi fangalin nan, sai na sha gabansa. Direban ya ce asara ce, maƙwabta suka yi dariya. Su yi ta yi. Na waiwaya bakin gona na ce, "Iya, ku shigo."