Jar Fitila a Gefen Gadon Malam

Tun da aka kawo na'urar nan ta gwajin jini asibitoci, an daina duban fuskar mara lafiya. Ana gama aikin zuciya sai a ɗiga mata jininsa. In ta kawo koriyar fitila, jinin zai daskare yadda ake so. In ja ce, zai ɓalle.

Ranar da aka yi wa maigidana Malam aiki, wansa Barau da ƙanensa Sallau suka iso cikin manyan riguna, su da ba su taɓa leƙo jinyarsa ba. Ko kallonsa ba su yi ba, suka tsare na'urar da ido kamar masu kallon ƙwallo.

Ta kawo ja.

Barau ya matso yana marairaice murya. "Kulu, sai haƙuri. Mukullan gidan gonar suna wajenki?"

"Suna nan, Yaya."

Nas ta shigo da sauri. "Jini za mu tanada kafin ya fara zuba. Su wa ne 'yan'uwansa?"

Nan take Barau ya tuna yana da hawan jini. Sallau kuwa wai zai gyara fakin ɗin motarsa.

Na naɗe hannun rigata na bi ta.

Da Malam ya farfaɗo ya tambayi wa da wa suka zo, na ce masa babu kowa.