Waya a Goshin Mai Zanen Ƙwarya

Kai mai kukan an rufe maka ƙofa, zauna ka ji misali. An yi wata tsohuwa mai zanen ƙwarya, irin zanen nan da ake ƙonawa da wuƙa mai zafi. A wurin kakarta ta gaji sana'ar, amma 'ya'yanta duk sun kama wasu hanyoyin, ba wanda ya yarda hayaƙi ya shiga idonsa. Da annoba ta zo aka kulle gari, kasuwa ta watse, sa'anninta suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai tsoro ya kama ta. Ba mutuwar take tsoro ba, wannan ai rigar kowa ce. Tsoronta kada a binne ta tare da zanen kakarta. Ana nan sai wata ƙungiyar masu zane-zane, da ta buɗe aji ta intanet don kada zaman gida ya kashe wa mutane zuciya, ta roƙe ta ta koyar. Tsohuwa ta jingina waya da turmi, ta zauna tana fuskantarta, ta hura gawayi. Aka yi darasi, aka sake yi, amma duk wanda ya nuno ƙwaryarsa sai abin tausayi: layi ya karkace, wuƙa ta zame, wani ma ya huda tasa. Ɗalibai suka fara zamewa, kowa da ɗan uzurinsa.

Ta yi ta juya abin a ranta har ta gano inda gizo ke saƙa. A gidansu ba a taɓa koyon zane ana kallon fuskar mai koyarwa ba. Mai koyo tsakanin ƙafafun kaka take zama, bayanta a ƙirjin kaka, hannuwa huɗu suna kallon waje ɗaya. Waɗannan bayin Allah kuwa gaba da gaba suke da ita, damanta ya zama hagunsu, in ta juya ƙwarya nan su juya can. Ranar darasi na gaba sai ta ɗaure wayar tamau a goshi da ɗankwali, kamar fitilar maharbi. Maƙwabta masu leƙe ta katanga suka yi dariya har da riƙe ciki, wai tsufa ya fara taɓa ta. Ko kallo ba su ishe ta ba. Ta ce wa ɗalibai, "Kun gaji da ganin giɓina. Yau ku zauna a cinyata." Ta sunkuya, kowa ya ga hannuwanta a gabansa tamkar nasa ne, hagu na juya ƙwarya a hankali, dama na riƙe da wuƙa. Ita ba ta ganin kowa, muryoyi kawai take ji daga goshinta, wannan na salati, wancan na cewa ya samu.

Da ta kwance ɗankwali ta juyo da wayar, sai ga ƙore sun cika ta fal, kowace ɗauke da zanen kakarta, a hannun malamar makaranta, da direban da aka hana fita, da matan aure a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Tsohuwa ta miƙe ta rangaɗa guɗa, hawayen murna na zuba. Wadda ta rasa magaji a cikin gidanta, ranar da aka kulle mata ƙofa ta samu magada a ko'ina. Shi ya sa Hausawa suka ce, wani hanin ga Allah baiwa ne.